Kalmomi Shida na Alhaji Waliyyullahi

Ruwan da aka soma tun hantsi bai ɗauke ba sai da liman ya hau mumbari. Shi ya tsare Hanatu a farmasi, inda ta je sayo maganin mahaifinta. Da ta dawo gidansu a unguwar Amrigebe cikin Injamena, ƙofar gaba na nan a kulle yadda ta bar ta. Ta buɗe, ta yi sallama a bakin ɗakin tsohon kamar kullum, ko da yake yau kwana goma sha ɗaya ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu.

Akwatin ƙarfensa ta fara gani. An jawo shi daga ƙarƙashin gado, an ɓalle kwaɗon, takardu sun watse a kan tabarma. Sannan ta ga uban. Alhaji Waliyyullahi ya zamo daga katifa, hannunsa na dama yana reto, babban yatsan ya kumbura ya yi baƙi kamar an murɗe shi. Idanunsa a buɗe suke, sun kafe a kan ƙofa, yana wani gurnani da ba ta taɓa ji daga bakin mutum ba.

Ihunta ya tarar da maza suna fitowa daga masallacin Juma'a.

Ba a jima ba aka gane abin da ya ɓata: wayar Alhaji, da wata 'yar takarda da yake ajiyewa cikin ambulan. Duk unguwa an san abin da ke ciki. Alhaji ɗan kasuwar ƙaro da riɗi ne, jikan mahajjatan da suka taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, suka yada zango a bakin kogin Shari ba su ƙara gaba ba. Shekara biyu da suka wuce ya gaji da wahalar aika kuɗi zuwa Kano da Dubai, ya mayar da jarinsa kirifto, kuɗin nan da ke zaune cikin waya. Tun da ya faɗi, 'ya'yansa ke neman hanyar buɗe asusun, domin likita ya ce a fitar da shi ƙasar waje kafin wata ya ƙare.

Wani ya leƙa lungun bayan gida, ya dawo riƙe da takalmi ƙafa ɗaya da ya ciro daga taɓo. Kambas ne fari mai jan baki.

"Na Kamaluddeen ne!" in ji Zakariya, ɗan Alhaji. "Bakanon nan mai shagon waya a unguwar Paris-Kongo. Shi ya buɗe wa Baba asusun. Wa ya san sirrin in ba shi ba?"

Kafin bulama, wato mai unguwa, ya isa, samari sun riga sun jawo Kamaluddeen daga shagonsa, sun fasa masa baki. Da ƙyar bulama ya ƙwace shi ya kulle a zaurensa. Wanda ya tsaya a bakin zauren yana roƙon samarin shi ne Malam Salmanu, aminin Alhaji na shekara arba'in, tsoho mai dogara sanda.

"Ku ji tsoron Allah, kada ku taɓa yaron nan," yake ta cewa. "Kalas, ya isa haka."

Hanatu ce ta aika a kira Muntaka.

* * *

Muntaka ya shekara talatin yana bin sawun shanun sata tsakanin garuruwan Masakori da Durbali, kafin gwiwa ta zaunar da shi yana sayar da igiya a unguwar Gardole. Bai san kirifto ba, wayarsa ma mai madannai ce. Ya iso bayan la'asar, ya dubi hadarin da ke sake haɗuwa a gabas, ya ce a nuna masa lungun kafin a nuna masa kowa.

Ruwan safe ya share lungun tas, sai abin da aka taka bayansa. Masu neman ɓarawo sun tattake bakin ƙofa, amma can gaba sawu na nan. Muntaka ya durƙusa. Sawun kambas ya taso daga wajen masallaci, ya bi gindin katangar Alhaji har ƙofar baya. Ya daɗe yana kallon taku ɗaya, ya auna shi da tafin hannu, ya miƙe ya bi sauran yana ƙirgawa. Jefi-jefi yakan tsaya ya dubi jiƙaƙƙiyar katangar ƙasa, daidai ƙugunsa.

Sawun komawa bai bi ta inda ya zo ba. Daga fitowa ya tsallaka lungun, ya bi gindin katangar maƙwabta, har ya faɗa cikin ruwan da ya kwanta a ƙarshen layi.

"Me ya kai ka can, bawan Allah?" in ji Muntaka a hankali. "Ga tudu a nan, ka zaɓi taɓo."

Ya dawo ya gwada ƙofar baya. Ya tura, ta ƙi. Hanatu da ke tsaye ta ce, "Sai ka ɗaga ta sama tukuna, Baba Muntaka, sannan ka ja zaren sakata ta wannan kafar. Tun ina yarinya haka take."

"Wa ya san haka?"

"Mu 'yan gida. Da waɗanda suka daɗe suna shigowa."

Da ta ji abin da bakinta ya faɗa, sai ta dafa bango.

* * *

A ɗaki an mayar da Alhaji kan katifa. Malam Salmanu na zaune a wajen kansa yana jan carbi, hawaye na bin gemunsa. Numfashin majinyacin na fita da sauri kamar wanda ya yi gudu.

"Tun ɗazu haka yake," in ji Hanatu. "Ya ƙi lafawa."

"Ya ga wanda ya shigo," in ji Muntaka. "Kun tambaye shi?"

"Na riƙe hannunsa mai lafiya, na ce ya matse in na ambaci sunan. Na ce Kamaluddeen, ya matse. Na ce Zakariya, ya matse. Na faɗi sunana, ya matse. Likita ya ce e da a'a sun cakuɗe masa."

Muntaka ya dubi idanun tsohon. Ya taɓa ganin irinsu a fuskar makiyayin da ɓarayi suka ɗaure a jikin bishiya, suka ce masa za su dawo.

* * *

Muntaka ya tarar da Kamaluddeen zaune a zauren bulama, yana danne leɓe da tsumma.

"Wallahi Baba, takalmina ne, ba na musu. Na zo duba Alhaji ne, ruwa ya tare ni, na tsaya na yi Juma'a a masallacin nan. Da aka idar na fito ban ga takalmin ba. Ƙafa ba komai na hau kilando, babur ɗin haya, na koma shago. Na faɗa musu, ba wanda ya saurare ni."

"Miƙo ƙafarka."

Muntaka ya ɗora tafin hannu a kan doguwar ƙafar saurayin, ya saki.

"To, fahimtar da ni wannan kuɗin naku. Kamar kana yi wa jahili bayani."

"Asusun yana da makulli biyu. Na farko wayar, tana buɗewa da yatsan mai ita. Amma in ta kwana biyu ba a taɓa ba, yatsa ba ya yi, sai lambar sirri, ita kuwa tana cikin kan Alhaji. Na biyu kalmomi goma sha biyu ne. Duk wanda ya same su a jere, ko a Sin yake, ya mallaki komai, ba banki ba alƙali."

"Ke nan ɓarawo ya gama."

"Bai gama ba." Kamaluddeen ya rage murya. "Ni na ba Alhaji shawara ya raba su. Shida a akwati, shida a wani wuri. Na ce kada ya faɗa mini inda ya kai su, bai kuwa faɗa ba. Ya dai ce suna hannun da ba ya cin amana. Shida kaɗai ba sa buɗe komai."

A waje an yi tsawa.

"Baba," in ji saurayin, "wanda ya yi wannan zai gane rabi ya ɗauka. Zai dawo. Kuma ya san Alhaji ya gan shi."

* * *

Zakariya bai so tambaya ba. Yana wanke babur ɗinsa na haya a ƙofar gida, bai ɗago ba.

"An ce a sahun ƙarshe ka yi salla, wandonka duk taɓo," in ji Muntaka.

"Babur ya mutu mini a ruwa wajen Gardole, na turo shi. Laifi ne?"

"An ce shekaranjiya kun yi faɗa da ƙanwarka a kan wayar."

Zakariya ya jefar da soson. "Na ɗauka, e! Na sa yatsan Baba a kai, a gaban Hanatu, a hankali, ta ƙi buɗewa, na mayar. Ubana ne yake mutuwa a kwance, dukiyarsa na cikin wani ƙarfe. Me kake so in yi? Amma in murɗe masa yatsa? Kai ma ka haifa, Baba Muntaka."

Ya juya ya shiga gida a fusace. Muntaka bai bi shi da kira ba, ƙasa ya bi da kallo. Takun Zakariya dogo ne, yana kafa yatsu kamar mai shirin gudu.

Kafin Muntaka ya tafi ya keɓe Hanatu. "Yau kada ki bar shi shi kaɗai, ko alwala za ki yi. Kada ki bar kowa ya zauna da shi in ba kya nan. Na ce kowa. Gobe da hantsi ki share tsakar gida, ki yayyafa ruwa, ki ce ina son ganin mutane huɗu."

"Ka san shi ke nan?"

"Ina roƙon Allah ya sa na yi kuskure."

* * *

Washegari suka taru a tsakar gida: bulama, Zakariya, Malam Salmanu, da Kamaluddeen da fuskarsa ta kumbura. Mutanen unguwa sun cika zaure suna leƙe. An ɗage labulen ɗakin Alhaji, Hanatu na zaune a bakin ƙofa.

Muntaka ya ajiye kambas ɗin a ƙasa.

"Takalmi ba ya tafiya shi kaɗai," ya ce. "Wanda ya sa wannan jiya, ƙafarsa ba ta cika shi ba. Dunduniya ta nutse, bakin takalmin ko taɓa ƙasa bai yi sosai ba. Ƙafar wannan yaron kuwa ta fi tafin hannuna da rabi. Ba shi ba ne."

Aka yi guna-guni a zaure. Idanu suka koma kan Zakariya.

"Shi ma ba shi ba ne. Bari in zana muku yadda abin yake. Malam, ara mini sandarka."

Malam Salmanu ya ɗan yi jim, sannan ya miƙa. Muntaka ya taka zuwa can ƙarshen tsakar gida, kusa da ɗakin girki, ya ja layi biyu a ƙasa.

"Ga lungu, ga katanga. Ku matso ku gani. Malam, kai ne babba, zo ka tsaya kusa da ni."

Suka taso. Malam Salmanu ya miƙe da ƙyar. Hanya a miƙe take ta tsakiyar fili, amma bai bi ta nan ba. Ya karkata ya nufi bangon da ke damansa. Ya yi taku bakwai, ƙafar dama na gajarta, ya haɗa ƙafafu ya tsaya, ya kai tafin hannunsa na dama ya dafa bango yana haki.

"Tsaya a nan, Malam," in ji Muntaka. "Kada ka ɗauke hannun."

Muntaka ya juya ga jama'a.

"Jiya a lungu, duk taku bakwai ko takwas akwai shaidar tafin hannu a katanga, daidai wannan tsayin. Da zai shigo, katangar Alhaji na damansa, ya bi ta. Da zai koma ta zama a hagunsa, sai ya tsallaka cikin taɓo ya nemi wata katangar a dama. Hannu ne da ya saba da sanda, aka raba shi da ita. Ka bar sandarka da takalminka a masallaci don kowa ya shaida kana ciki. Ka fito ana huɗuba kamar mai sabunta alwala, ka zura na wani."

"Ƙarya ne!" in ji wani daga zaure. "Malam Salmanu?"

Amma tsohon ya riga ya sulale a jikin bango ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Zakariya ya yi kansa, bulama ya riƙe shi.

"Baba Malam," in ji Hanatu. "Kai ka yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni."

Malam Salmanu ya sa hannu a aljihu, ya fito da wayar Alhaji da ambulan ɗin, ya ajiye. Sannan ya fito da tasa wayar, ya miƙa wa bulama.

"Ku duba hoton."

Bulama ya duba, ya kawar da kai yana salati.

"Abdallah ne, ɗana," in ji Malam Salmanu. "Ku duka kun san shi. Kun san ya tafi Libiya neman aiki. Wata guda ke nan yana hannun wasu mutane masu neman kuɗin fansa. Kullum sai sun kira ni in ji yadda suke dukansa. Sun ce in na faɗa wa kowa, gawarsa ma ba zan gani ba. Ranar da na daure na zo in roƙi Waliyyullahi, ita ce ranar da na tarar ya faɗi. Cikin azaba yaron ya gaya musu aminin ubansa yana da kirifto. Su suka koya mini abin da zan ɗauko." Ya share fuska da hannun riga. "Na durƙusa a gabansa ina kuka, ina danna yatsansa, wayar ta ƙi. Na yi ta dannawa. Ban san na murɗe ba sai da na ji ƙara. Yana kallona. Wallahi yana kallona."

"Takalmina fa?" in ji Kamaluddeen. "Ka san nawa ne?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na sani."

"Ka nuna musu takardar?"

"Na nuna. Sun ce rabi ce. Sun ba ni zuwa azahar ɗin yau in kawo sauran."

"Da yaya za ka samo sauran," in ji Muntaka, "daga bakin mutumin da ba ya magana?"

Hanatu ta ja jiki ta tare ƙofar ɗakin da bayanta.

Muntaka ya jingina sandar a bango, ya tsuguna a gaban tsohon. "Alhaji ya gaya wa yaron nan cewa sauran kalmomin suna hannun da ba ya cin amana. Ba su wajen Zakariya, ba su wajen Hanatu. Malam, Alhaji bai taɓa ba ka ajiyar komai ba?"

"Ni? Ba abin da..." Ya tsaya. Bakinsa ya buɗe. A hankali ya kai hannu wuyan rigarsa, ya jawo wani zare. A jikinsa akwai 'yar fata ɗinkakkiya kamar laya. "Bara da azumi. Ya ce wasiyya ce, in ya rasu in ba Hanatu. Ya ce kada in buɗe."

"Ba ka buɗe ba?"

"Yaya zan buɗe? Amana ce."

Bulama ya yanke ɗinkin da reza. Kalmomi shida ne da rubutun Alhaji.

Sai wayar Malam Salmanu ta soma ƙara a hannun bulama. Lambar waje ce. Ta yi ta ƙara, kowa na kallonta, tsohon ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Daga cikin ɗaki gurnanin Alhaji ya taso, yana ƙaruwa.

"Kada ku ɗauka tukuna," in ji Kamaluddeen, da ƙyar kalmomin ke fita daga fasasshen bakinsa. "Rabi na hannunsu. In suka ji ko kalma ɗaya daga wannan, kun shiga uku. A kwashe komai yanzu zuwa sabon asusu. Sannan ku yanke shawara." Ya dubi Zakariya. "In kun yarda in taɓa."

Zakariya ya kasa haɗa ido da shi. Ya ɗauki takardun biyu ya miƙa masa da hannu biyu.

Wayar ta katse, ta sake somawa.

"Ba za mu ba shi ko sisi ba," in ji Zakariya. "Kuɗin jinyar Baba ne."

Hanatu ta miƙe. Ta dubi uban, ta dubi tsohon da ke zaune a taɓo. "Yaya, ni da Abdallah nono ɗaya muka sha lokacin da Inna ta kwanta ciwo. Ba don wannan mutumin zan yi ba." Ta karɓi wayar daga hannun bulama, ta miƙa wa Malam Salmanu ba tare da ta kalle shi ba. "Ɗauka. Ka ce su sa shi a waya mu ji muryarsa tukuna."

* * *

An biya abin da aka daidaita a kai. Kwana goma sha tara ba labari, wayar mutanen a kashe, har aka fara maganar zaman makoki. Sannan wata motar kaya daga Faya, can arewa a hanyar Libiya, ta sauke Abdallah a tasha, ya rame kamar kara, yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa.

Abin da ya rage bai kai Alhaji ƙasar waje ba, ya dai isa jinya a nan Injamena. Iyalin ba su kai ƙara ba. Kamaluddeen ya karɓi haƙurin da bulama ya jagoranci unguwa aka je aka ba shi, amma kafin damina ta fita ya rufe shago ya koma Kano.

Bayan wata biyu Muntaka ya biyo ta Amrigebe ya leƙa dubiya. Alhaji na zaune a jingine da matasai, har ya fara riƙe kofi da hagu. Suna cikin gaisawa da Hanatu sai aka yi sallama daga titi, muryar tsoho, ba a shigo ba. Kofin ya suɓuce daga hannun Alhaji. Idanunsa suka fito, ya soma wannan gurnanin, hannunsa na miƙewa wajen ƙofa.

"Baba Malam ne," in ji Hanatu. "Kullum da hantsi sai ya zo ya tsaya a waje ya yi sallama sau uku, ya tafi. Zakariya ya rantse tsohon ba zai ƙara taka gidan nan ba."

Aka yi sallama ta biyu.

"Baba Muntaka, kai da kake karanta ƙasa, duba mini wannan hannun. Korarsa yake yi, ko kiransa?"

Muntaka ya daɗe yana kallon hannun.

"'Yata," ya ce, "wannan ban iya ba."